Darasi na 9: Maigatari, Gari a Bakin Iyaka

Duk wanda ya taɓa sayen ragon layya a Kano, ko ya ci tsire a Legas, mai yiwuwa ya ci arzikin Maigatari bai sani ba. Garin yana arewacin Jihar Jigawa, gaba da Gumel kaɗan, dab da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar. Nan ne mazaunin ƙaramar hukumar Maigatari, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 179,715. Kasuwar garin tana ci ranar Alhamis, kuma ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma.

Misali muka ɗauka da Maigatari. Abin da za mu gani a nan, mutumin Illela ko Jibiya ko Kamba zai gane shi tun ba a gama faɗa ba. Tambayar darasin ita ce: a gari irin wannan, wa ke da iko da me? Wa ke ciyar da gari, wa ke karɓar haraji, wa ke iya rufe hanya? Da yawanmu mukan tattara komai mu ce "gwamnati", sai mu kai kukan famfo wurin ɗan majalisar tarayya, mu kuma zagi kansila don an rufe boda. Wanda ya iya rarrabe waɗannan ba zai ƙarar da takalminsa a ƙofar ofishin da ba shi da maganin damuwarsa ba.

Iyaka ce ta zo ta tarar da mutane

Maigatari tana cikin masarautar Gumel, tare da Gagarawa da Sule Tankarkar da Gumel ɗin kanta. Mangawa ne suka kafa sarautar wajen shekarar 1750. Ta daɗe tana bin Borno, kuma ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba bayan jihadi. Kafin 1845 fadar masarautar a Tumbi take, Tumbi kuwa a yau tana cikin Nijar. Wato Bagumelen da ya tashi zai ziyarci tsohuwar fadar kakanninsa, a idon doka ƙasar waje ya fita.

Yaya aka yi haka? A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a kan taswira, daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, alhali ba su gama sanin ƙasar ba. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903, a shekarar ce kuma Gumel ta shiga hannunsu. An sake zama a kan layin a 1898 da 1904 da 1906, kuma babban abin da Faransawa suka yi ta nema shi ne hanya mai rijiyoyi da za ta kai ayarinsu daga Kwara zuwa Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawaga ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamu, har guda 148. Da ƙasashen biyu suka sami 'yancin kai a 1960, sai suka gaji layin yadda yake, tsawonsa kimanin kilomita 1,500.

Layin ya raba hukuma, ya raba kuɗi, ya raba harshen makaranta. Yaro a Maigatari yana koyon Ingilishi, ɗan ƙanen babansa a wajen Dungas ko Magarya yana koyon Faransanci. Amma aure bai tsaya ba, haka suna da ta'aziyya da tafiya karatun allo. A ƙauyukan bakin iyaka ba abin mamaki ba ne mutum ya kwana a ƙasa ɗaya ya yi noma a ɗayar. A kan wannan zumunci kasuwar take tsaye.

Ranar Alhamis

A wasu garuruwa, idan aka tambayi wa ya fi ɗaukar ma'aikata, sai a nuna masaƙa ko jami'a ko barikin soja. A Maigatari, bayan gona, kasuwa za a nuna. Ba ta da ofishin ɗaukar aiki, ba ta biyan fansho, ba ta da takardar albashi, amma gidajen da take ɗora wa tukunya sun ninka na ma'aikatan sakatariya nesa ba kusa ba.

Tun kafin ranar dabbobi ke fara isowa, wasu a mota, wasu a ƙafa bayan tafiyar kwanaki daga ƙasar Damagaram da abin da ya yi arewa da ita. Ga bunaji farare, ga rahaji jajaye masu dogon ƙaho, ga tumaki uda da balami, ga awaki da raƙuma da dawaki. Baƙon da ya koro garke ba ya faɗawa kara kai tsaye ya kama ciniki. Yana da fatoma, mai masaukin da zai ba shi wurin kwana, ya adana masa kuɗi, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Yana kuma da dillali.

Kada ku raina dillali ku ce ai baki kawai yake sayarwa. Mai saye daga Anaca bai san mai sayarwa daga Tanut ba, wani lokaci ko harshen juna ba sa ji, kuma babu wata takarda a tsakaninsu. Dillali ne shaidar cewa saniyar ba ta sata ba ce. Idan bayan mako biyu wani ya zo da cigiya ya ce tasa ce, wuyan dillali za a kama. La'adar da yake karɓa kuɗin wannan amana ce.

Mai saye zai zaga sa, ya taɓa tozo, ya duba haƙora, sannan ya taya. Dillali ya juya wurin mai dabba: "Baba, ka ji abin da Alhaji ya taya." Mai dabba ya kau da kai ya ce, "Albarka." Dillali ya koma: "Alhaji, ƙara wani abu mana, dubi san nan, ai ba a yi masa rowar dusa ba." Haka za a yi ta ja har mai dabba ya ce, "Na sallama, Allah ya ba da riba." Da wannan kalma ciniki ya faɗa, ko da kuɗi bai shiga hannu ba tukuna.

Yanzu mu bi wannan sa guda mu ga mutum nawa ke ci daga jikinsa. Akwai makiyayin da ya koro shi, da mai harawa da dusa, da mai ruwa, da mai igiya. Akwai fatoma da dillali da yaron dillali. Akwai mai sa masa alama da fenti don kada ya ɓace cikin na wani, da 'yan lodin da za su tura shi cikin tirela, da 'yan kamasho a tasha. Sai direba da yaran mota, da 'yan rakiya waɗanda ke zaune a kan katako a saman tirela har Legas ko Fatakwal, rana da sanyi da ruwan sama duk a kansu, aikinsu shi ne tayar da duk san da ya faɗi kafin 'yan uwansa su tattake shi. Duk waɗannan kuma sai sun ci sun sha, don haka ga mai shayi, ga mai tuwo, ga mai fura da nono, ga mai cajin waya, ga mai POS. Ku ƙirga da kanku, za ku wuce ashirin ba ku gama ba.

Mata ba su cika tsayawa a tsakiyar kara ba, amma hannunsu yana cikin cinikin dumu-dumu. Ragon da aka turke a bayan ɗaki wata shida ana jiran Babbar Sallah, sau da yawa na matar gida ne, da kuɗin adashi ta saye shi. Su ne kuma ke gyaran zoɓo da sheƙar riɗi, amfanin gona biyu da Jigawa ta yi suna a kansu kuma ake fitar da su ƙasashen waje. Zoɓon da muke jiƙawa mu sha da kanumfari, ƙasar Meziko ce babbar mai sayensa daga Najeriya.

Sai 'yan canji, waɗanda ba a ciniki sai da su. Mutumin Nijar da ya sayar da sa da naira, ko dai ya sayi kaya ya koma da su, hatsi ko atamfa ko robobi ko siminti, ko kuma ya canza kuɗin zuwa sefa. Sefa ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi daga nan. Naira kuwa tana hawa tana sauka. Saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi a 2023 da 2024, mai shanu daga Nijar sai ya nemi naira mai yawa kafin ya sami sefar da ya saba samu, nama ya yi tsada a Najeriya. A gefe guda kuma kayan Najeriya sun yi masa arha, sai ya ƙara yawan buhunan da yake saye, farashin gero ya tashi a gida. Ba muguntar kowa ba ce, lissafi ne. A kula kuma da yadda mutanen Nijar ke ƙirga kuɗi da dala: dala ɗaya sefa 5 ce, don haka wanda ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi.

Ko jaki ya taɓa shiga siyasar iyaka. Da 'yan kasuwa suka taso suna sayen jakuna don fatarsu, wadda ake kaiwa ƙasar Sin a yi magani da ita, farashi ya yi tashin da manomi ya kasa sayen jakin kai taki gona. A 2016 Nijar ta hana fitar da jakuna daga ƙasarta.

Gwamnatin Jigawa ta taɓa yunƙurin samar wa garin babbar ma'aikata ta zamani. A zamanin Gwamna Saminu Turaki, wajen shekarar 2000, aka kafa yankin ciniki marar haraji a Maigatari, da niyyar kamfanoni su zo su sarrafa kaya su fitar waje. Tunanin yana da ma'ana, domin wanda ya fitar da riɗi a wanke a tace ya fi wanda ya fitar da shi da ƙasa samun kuɗi. Sai dai an shafe shekaru wurin bai cika burin da aka ɗora masa ba. Masana'anta tana son wuta da ba ta yankewa da hanya mai kyau zuwa tashar jirgin ruwa, katanga da allon suna kaɗai ba sa kawo ta.

Ƙaramar hukuma: aikinta da aljihunta

A zamanin En'e, sarki da majalisarsa ke riƙe da baitulmali da 'yan doka da alƙalai da gidan yari. An fara rage wa En'e ƙarfi a ƙarshen shekarun 1960, sannan gyaran 1976 ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, guda 301 a lokacin. Yau suna 774. Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991, tana da 27. Ƙaramar hukumar Maigatari tana da mazaɓu 11, cikinsu har da Galadi da Jajeri da Matoya da Turbus, garin kansa kuma ya kasu Arewa da Kudu. Kowace mazaɓa tana zaɓen kansila ɗaya, jama'ar mazaɓun gaba ɗaya kuma su zaɓi ciyaman. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya wannan zaɓe, ba ta tarayya ba.

Hakimi da dagaci da mai unguwa ba su da kasafin kuɗi, ba sa kafa doka. Duk da haka ƙofarsu ake fara bugawa idan shanu sun shiga gona, ko baƙo ya sauka, ko dabba ta ɓace. A bakin iyaka suna da wani amfani da babu ofishin da ke da shi: sun san takwarorinsu na ƙetare, wasu ma 'yan uwansu ne. Saniyar da aka sace aka tsallaka da ita, sau da yawa saƙon dagaci ya fi takardar hukuma saurin dawo da ita.

Tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a jadawalinsa na huɗu. Ita ke da alhakin kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da makewayin jama'a. Ita ke kula da maƙabartu, da kwashe shara, da ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da fitilun titi. Ita ke ba da lasin keke da amalanke da baro, ta sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. Sannan tana da hannu, tare da gwamnatin jiha, a makarantun firamare, da ilimin manya irin wannan aji da muke zaune a ciki, da harkar noma, da kiwon lafiya. Ku sake karanta jerin. Kusan duk abin da ɗan kasuwa zai taɓa daga safiyar Alhamis zuwa dare yana ciki.

To ina kuɗin? Mafi yawansa daga Abuja yake zuwa. Abin da ya shiga asusun tarayya ana raba shi kowane wata: gwamnatin tarayya kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta wannan asusu kuɗin ya riƙa bi. An daɗe ana kukan cewa a jihohi da dama abin da ke isa sakatariya bai wuce na albashi ba. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Abin da ya kamata ku sani shi ne, adadin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma ba sirri ba ne, ofishin Akanta Janar na tarayya yana wallafa shi, duk mai wayar da ke shiga intanet zai iya nema.

Hanya ta biyu ita ce kuɗin shiga na cikin gida. Dattawan ajin nan za su tuna haraji da jangali, da yadda mutum kan gudu daji idan ya ji masu karɓa sun shigo gari. Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar Jihar Kano bayan hawansa mulki a 1979, lokacin Maigatari tana cikinta. Daga baya wata dokar tarayya ta 1998 ta fayyace irin kuɗin da ƙaramar hukuma za ta karɓa: na rumfa da shago, na mayanka, na tasha, da na kasuwa, sai fa kasuwar da gwamnatin jiha ta zuba kuɗinta a ciki. Dokar ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji.

A nan ne nake ganin talaka ya fi sakaci da haƙƙinsa. Mutum zai miƙa kuɗin shiga kara, a ce masa "wuce kawai", ya wuce yana murna bai ɓata lokaci ba. Kuɗin da babu rasit ba ya isa baitulmali, wanda bai isa baitulmali ba kuwa ba za a tambayi kowa inda ya shiga ba. Hukumomi da yawa sun mai da kasuwa saniyar tatsa, ana zuwa da ƙwarya kowane mako, ba a zuwa da dusa. Kasuwar dabbobi kuwa bukatunta a fili suke: kwamin shan ruwa, inuwa, wurin lodi mai ƙarfi da ba zai karya ƙafar sa ba, makewayi, fitila, da malamin dabbobi da zai hana marar lafiya shiga cikin masu lafiya. Ƙungiyar dillalai ko ta mahauta da ta tara rasit ɗinta na wata uku, ta je gaban ciyaman da shi a hannu, maganarta ta fi ta mai ƙorafi a teburin mai shayi nauyi. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Wa ke buɗe boda, wa ke rufe ta

Babu ko ɗaya cikin waɗanda muka ambata, daga ciyaman har gwamna, da ke da iko da iyaka. Kwastan da jami'an shige da fice da soja da 'yan sanda duk na gwamnatin tarayya ne. A ɗaya gefen kuma akwai duwan da jandarma, masu karɓar umarni daga Yamai. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90, amma wannan bai taɓa hana gwamnati rufe ƙofarta ba idan ta ga dama.

An rufe iyakokin Najeriya na tudu a 1984, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, ba a buɗe ba sai 1986. An sake rufewa a Agustan 2019 da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da man fetur. A Nuwamban shekarar aka hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An yi dokar ne don 'yan sumoga, amma ta faɗa kan mai injin niƙa da ɗan acaɓa da mai janareton da ke tura ruwa. Ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Maigatari tana ciki, tare da Illela da Seme da Mfum. Jibiya da Kamba sai a Afrilun 2022.

Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023. ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Sai a Maris 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, kuma gab da Babbar Sallar shekarar ta dakatar da fitar da dabbobi don farashin rago ya sauka a gida.

Me ke faruwa idan an rufe? Iyakar nan yashi ce da gonaki, ba kogi ba dutse, don haka zirga-zirga ba ta tsayawa cak. Tana komawa hanyoyin daji ne, cikin dare, a kan babur. Kaya na ƙara tsada saboda masu karɓar na goro sun yawaita. Babban ɗan kasuwa yana da jarin da zai jure, ko ya karkata wata hanya. Ɗan lodi da mai tuwo ba su da wannan, Alhamis ɗin da tirela ba ta tashi ba ranar yunwa ce a gidajensu. Ƙaramar hukuma ma kuɗin shigarta ya ragu daidai lokacin da jama'a suka fi bukatarta. Wannan kuka, in za a kai shi, wurin ɗan majalisar wakilai da sanata ake kai shi, domin su ke zaune inda ake yanke shawarar.

Asibiti, makaranta, ruwa, takarda

An raba kiwon lafiya hawa uku. Ƙananan asibitocin mazaɓu, inda ake awon ciki da rigakafi da maganin zazzaɓi, su ne matakin farko, kuma ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha ke riƙe da su. Babban asibiti na jiha ne, asibitin ƙwararru na tarayya kuma hawa na uku. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a tushe, kuma wani kaso nasa yana zuwa asibitocin mazaɓu. Kwamitin ci gaban mazaɓa yana da bakin magana a kan yadda ake kashe shi.

Asibitin bakin iyaka yana ɗaukar nauyin da ba a rubuta masa ba. Ana aiko masa magani bisa ƙidayar mutanen gefe ɗaya, amma mai naƙuda daga ƙauyen ƙetare asibitin da ya fi kusa za a kai ta, kuma babu ungozomar kirki da za ta tambaye ta katin ɗan ƙasa. Ƙyanda da sanƙarau ma ba sa tsayawa a shingen kwastan. Shi ya sa a yaƙi da shan inna aka riƙa daidaita ranakun rigakafi tsakanin ƙasashen biyu, ana ajiye masu ɗiga magani a kasuwanni da tashoshi da mashigai. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Dabbobi ma haka: ciwon huhu ko boru da ya shiga kara ranar Alhamis, kafin mako ya zagayo ya kai kudu.

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Abokin hamayyar makaranta a garin kasuwa sananne ne: yaron da ya riƙe igiya ya sami kuɗi a hannu yau, da wuya a shawo kansa da alfanun da sai bayan shekara goma zai gani. Malamai a irin waɗannan garuruwa sun san yadda aji ke raguwa ranar kasuwa. Amma dillalin da bai iya karanta saƙon banki a wayarsa ba, yanzu sai ya nemi wanda zai duba masa ko kuɗi sun shigo, kuma ba kowane mai dubawa ne mai amana ba.

Ruwa kuwa, damina a nan gajeriya ce, ƙasa rairayi, rijiya da zurfi. Famfon tuƙa-tuƙa ko burtsatse mai aiki da hasken rana, ko wa ya gina, yakan mutu ne saboda ƙaramin abu, roba ko bututu, da babu wanda aka ɗora wa saye. Unguwar da ta kafa kwamiti da ɗan asusun gyara ba ta cika komawa hannun 'yan garuwa ba. Gyaran da ya fi ƙarfin asusun, shi ake kai wa kansila da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a rubuce, a kuma riƙe kwafi.

Sai takarda, wadda ta fi muhimmanci ga ɗan bakin iyaka fiye da kowa, domin shi ake yawan cewa ba ɗan ƙasa ba ne idan ya je kudu ko ya nemi aikin ɗamara. Sashe na 25 na tsarin mulki ya wadatar: wanda ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, uba ko uwa, shi ma ɗan Najeriya ne, ko da a ƙetare aka haife shi. Amma sai an iya nunawa. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ke ba da takardar haihuwa, kuma ana samun ma'aikatanta a sakatariya da asibitoci. Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma kuwa daga sakatariya take fitowa, bayan mai unguwa da dagaci da hakimi sun shaida. A yi wa jariri rajista tun ana cikin hidimar suna, kada a bari sai ranar da za a rubuta jarrabawa.

Tambayoyi da aikin yi

1. Me ya sa tsohuwar fadar masarautar Gumel take cikin Nijar a yau?

2. Ga matsaloli huɗu: mayanka ta cika da ƙazanta, an tsare motar hatsi a kan iyaka, shanu sun cinye gonar wake, yaro ba shi da takardar haihuwa. Wurin wa za a fara kai kowace?

3. Lissafi, da adadin da muka ƙaga don gwaji kawai: a ce ana karɓar naira 500 a kan kowace saniya, aka shigo da shanu 1,200 ranar kasuwa. Nawa ya kamata ya shiga baitulmali? Idan 700 kaɗai aka yanka wa rasit, nawa ya salwanta a mako ɗaya? Nawa a mako huɗu?

4. Wani ya ce kuɗin kayansa dala ɗari da hamsin. Sefa nawa ke nan?

5. Ku kasu gida biyu ku yi muhawara: rufe boda yana taimakon manomin shinkafa, ko yana cutar da garin bakin iyaka fiye da amfanin da yake kawowa? Kowane ɓangare ya kawo misali daga abin da ya gani da idonsa.

6. Kafin zama na gaba, kowa ya je kasuwar da ta fi kusa da shi, ya zaɓi kaya iri ɗaya, buhun gero ko akuya ko kwandon tumatir, ya rubuta sana'o'in duk waɗanda suka ci daga jikinsa. Ya kuma tambayi mai rumfa ɗaya nawa yake biya a mako, wa ke karɓa, kuma ko ana ba shi rasit. Da abin da kuka samo za mu koyi rubuta wasiƙa zuwa ga kansila.